Tabkin Da Na Zana Da Bula

Alhamis, Isa zuwa Sabon Birni

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fita gidana a Isa, da jarka biyu babu komai ciki, da ƙunshin garin rogo da ƙuli-ƙuli da maiɗakina ta cusa mini a aljihu. Ta rako ni bakin zaure, ta ce: "Malam, in ka iske su lahiya ka ba su haƙuri. In ka iske wani abu daban, ka dawo dai." Na ce to. A cikin shekarun farin nan ne da damina ta yi ta yi mana rowa, tsakiyar bazara, lokacin da ko iskar asuba ɗumi gare ta.

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni, kada a ɗauka yawo na tafi. Ni ke koyar da aji biyar a wata firamare ta bakin gari. Littafin labarin ƙasa da aka ba mu cike yake da ƙanƙara da jiragen ruwa, da na buɗe shi yara sai hamma. Sai na yi dabara. Na shafe bangon aji da farar ƙasa, na ce kowane yaro ya je gida ya tambayo tsofaffi ina kanwarmu ke fitowa, ina ake kai geronmu, wace hanya shanu ke bi, ina ruwa yake. Abin da suka kawo shi muka zana. Burtali da gawayi, kasuwanni da jar ƙasa, tun daga Shinkafi har Maraɗi da Madawa. Ruwa kuma da bula, wadda mata ke sa wa farin kaya. Yara suka ga yadda gulbin Maraɗi ke fita ƙasarmu ya shiga Nijar ya sake dawo mana, ba mai tambayarsa takarda. Aji ya farka. Ni kuwa kaina ya kumbura, ba na musu.

Cikin yaran akwai Hajo, 'yar wani manomi Nomau, wanda fari ya bar wa shanu bakwai. Ita ta kawo sunan Tabkin Giyayya, arewa da Tsamaye, inda aka haifi kakarta Inna Dije. Ta miƙe ta fara, "Inna ta ce in bazara ta yi, sai a je gindin…" sai aka kaɗa ƙararrawa. Na ce, "Suna kaɗai nike so, Hajo, zauna." Na tsoma tsinke a bula na yi wa wurin shuɗi mai faɗin tafin hannu, yara suka kwafa a littattafansu.

Ran Laraba na gayyato Agali, wani Buzu mai fataucin kanwa, ya duba mana hanyar raƙuma. Ya bi bango da yatsa yana gyaɗa kai, har ya zo kan shuɗin nan ya tsaya. "Wanga ruwa na ina ne?" Na gaya masa. Ya ce, "Malam, shekara ukku ko tsuntsu bai sha ruwa nan ba. Watan jiya na ratsa tsakiyarshi bisa raƙumi." Na juya wurin zaman Hajo. Kwana uku ba ta zo ba, ni na ɗauka zazzaɓi ne. Wata yarinya maƙwabciyarsu ta ce ai tun Asabar suka tashi, da uban da uwar da tsohuwa da shanu, don Nomau ya ce tun da har makaranta ta zana ruwan, akwai shi. Mutum huɗu da shanu bakwai sun kama hanyar ƙishirwa saboda shafa ɗaya da na yi da tsinke. Hedimasta ya ba ni izini, Agali kuwa dama a Tsamaye ya baro raƙumansa, ya ce mu tafi tare.

A masallacin tasha muka yi asuba. Motar farko a-kori-kura ce ta wani direba Tunau, naira biyu kowane kai. Da ya ga jarkoki ya ce kuɗinsu daban.

"Babu komi ciki," na ce.

"Iskan da ke ciki hwa? Ni za ni ɗauke shi kyauta?"

Agali ya ja shi gefe ya raɗa masa magana. Tunau ya dawo ya ɗaure jarkokin da hannunsa, ya kuma ba ni gaban mota. Ƙarfe shida da minti goma muka tashi.

Mil talatin ne ko ƙasa da haka, amma ban taɓa jin tsawonsu irin na ranar ba. Gonaki sun zama fili, ko karan dawa babu, an ba dabbobi. Rumbuna a tsaye kawunansu a buɗe. Muna yin arewa, mutane na yin kudu da tabarmi da tukwane a ka, mu kaɗai muka juya wa hankali baya. Bayan Gatawa muka iske shingen 'yan kwastan, masu duba hatsi da fetur. Ɗayansu ya ƙwanƙwasa jarkata.

"Malam, fetur za a ɗebo?"

"Ruwa za ni kai."

"Wa?"

"Ɗalibata."

Ya dube ni, ya dubi alƙalamin da ke aljihuna, ya ɗaga sanda. "Allah shi sa a dace." Tara saura minti ashirin muka shiga Sabon Birni.

Sabon Birni zuwa Tsamaye

Ban tsaya shan shayi ba, na gangara gulbi. Gulbin da na shafa wa bula tun daga sama har ƙasa, yashi ne zalla, mutane sun tona ramuka a ciki suna kwalfar ruwa da ƙoƙo, kowane rami da layinsa da hayaniyarsa. Na bi su ina tambaya. A rami na biyar wata mata ta ce i, ran Talata ta gan su: tsohuwa bisa jaki, yarinya da jakar boko, shanu duk haƙarƙari. Sun sha, amma babu abin kiwo, sai suka wuce. Na ɗan sami numfashi.

Motar Tsamaye kuwa ba ta tashi sai ta cika. Na zaga ta ya fi sau goma ina ƙirga kujeru. Agali na kishingiɗe a inuwa, rawani ya rufe masa baki. "Malam, zamna. Tsayuwarka ba ta cika mota." Na zauna ina huci. Muka ci tuwon jar masara da miyar kuka, kwabo hamsin malmala biyu, ni dai turawa kawai nake yi.

Biyu da rabi muka tashi a wata tsohuwar Landiroba. Sau biyu ta kafe a rairayi muka sauka turi. Sau ɗaya ta yi zafi, direba ya tuttula mata galan guda na ruwa, duk motar aka bi abin da ke zuba ƙasa da kallo. Biyar da kwata muka isa.

Agali ya kai ni gidan Liman, dattijo mai makarantar allo, a nan baƙi ke sauka. Bayan gaisuwa na tambaya.

"Jiya da sahe sunka wuce," in ji Liman. "Mun hana shi, mun ce babu ruwa. Sai ya hiddo wata takarda daga aljihu, ya ce malamin boko ya zana, boko ba ya zana ƙarya. Ni dai ina son in ga marar tsoron Allahn da ya yi wanga zane."

Akushi na gabana, hannuna a ciki. Na ce, "Ni ne, Allah gafarta Malam."

Ya dube ni. Sannan ya turo mini miya. "To, ci tuwo. Wanda ya yi ɓarna ya biyo sawunta da sauran alheri gare shi." Can ya ƙara da cewa tsohuwar ba ta sa baki a gardamar ba. Abu ɗaya ta nema, aron dagi, ƙarfen nan na haƙa, ta kuma sa aka saro mata damin rassan geza aka ɗora wa jaki. "Ban tambaye ta na mi ne ba," in ji shi, "don abin da na yi zato ba shi da daɗin hwaɗi." Na tsame hannuna daga akushin.

Kafin magariba na kai jarkoki rijiyar gari. Layi ya kai na mutum arba'in, amma labari ya riga ni zuwa. Matan suka buɗe mini hanya, ɗaya ta karɓi guga ta ja mini da kanta.

Juma'a, Tsamaye zuwa Giyayya

Shida saura minti goma muka hau raƙuma biyu. Ban taɓa hawa ba. Da ya miƙe da ƙafafun baya na rungume wuyansa ina salati, Agali ya ce in saki, ba matata ba ce. Wannan ce dariyar da na yi ta ƙarshe kafin azahar.

Babu hanya, sai sawu. Agali na karanta ƙasa yadda nake karanta allo: ga jaki, ga shanu, ga takalmin roba na yarinya, nan sun huta, nan ɗaya ta fara jan ƙafa. Ni malamin labarin ƙasa ban ga komai ba sai rairayi da sabara. Tara da minti ashirin muka hango ungulaye. Jar saniya ce a gindin wata aduwa. Agali ya sauka ya zagaya ta.

"An yanka ta kahin ta mutu, an kuma ɗebi nama. Suna da sauran ƙarhi jiya da hantsi. Shidda sun wuce."

"Mutanen hwa?"

"Ƙahwa ukku da jaki. Hau mu tahi."

Rana ta hau ka, ruwan jarka na ƙara a gefen raƙumi, na ƙi taɓa shi. Ina ta tsara abin da za ni ce wa Nomau, kowace magana na ɗauko sai in ji ba ta isa ba.

Sha biyu saura kwata Agali ya tsaya a kan wani tudu ya nuna da baki. Ga tabkina. Fili ne mai faɗi, laka ta bushe ta tsattsage, ko ɗigon danshi babu, ko mutum ɗaya babu. A tsakiya ga ramuka biyu sababbin tono, an bar su. Na tuna dagi, na tuna maganar Liman, na ɗauka kaburbura ne. Na zamo daga raƙumi na zauna a ƙasa.

"Tashi, Malam," in ji Agali. "Dubi gabas, gindin itatuwan giyayyar can. Shanu kwance suna tuƙa. Saniyar da ba ta sha ba ba ta tuƙa."

Ban san sa'ad da na fara gudu ba, da girmana da babbar riga. Hajo ce ta fara gano ni. Ta fito daga inuwa riƙe da ƙwarya tana cewa, "Inna, ga Malam. Wallahi Malam ne." Ƙwaryar a jiƙe take. Bayanta Nomau ya taso, laka baƙa ɗanya har gwiwa. Ban taɓa ganin abin da ya yi mini kyau kamar lakar nan ba. Na durƙusa na yi ta hamdala, hawaye na zuba, ban ji kunyar kowa ba.

Rijiya ce, bakinta bai fi a rufe da babban faifai biyu ba, zurfinta gaba biyu da rabi, an kewaye cikinta da saƙar geza don kada ta rufta. A ƙasa ga ruwa yana tsattsafowa. Inna Dije na zaune a gefe bisa buzun fata, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana tsare da guga.

Na gaishe ta har ƙasa. Ta ce, "Kai ne malamin da ya hana jikata ƙare magana?"

"Ni ne, Inna."

"To zamna ka ji sauran."

Rijiyar ubanta ce. Tun suna yara, in bazara ta yi tabki ya janye, gindin giyayyun nan ake zuwa a buɗe ta. In ruwan sama ya sauka za a tashi, sai a jera itacen ƙirya a bakinta, a shimfiɗa tabarma, a mayar da ƙasa, a kifa tsohon dutsen niƙa a kai. Haka take kwana a rufe har wata bazarar, yashi bai cike ta ba, dabba ba ta faɗa ba. Rabon Inna da wurin tun rasuwar yayanta, iska ta binne dutsen, itatuwa biyu sun faɗi, lissafinta ya rikice. Ramukan da na gani kuskure ne. Sai a tono na uku, jiya gab da faɗuwar rana, dagi ya daki ƙirya. Yau da asuba ruwa ya taru.

Nomau ya ce, "Malam, jiya da la'asar, da rami na biyu ya ƙi, ruwanmu saura rabin salka, da na gan ka ban san abin da za ni yi maka ba."

"Da ka yi, da ban ga laihinka ba. Ka gahwarce ni. Wuri na zana ban taɓa taka shi ba. Ga saniyarka ta tahi."

Ya murza laka a yatsa. "Ta tahi. Amma da mun zamna gida da duk sun tahi. Allah shi yahe mu baki ɗaya."

Na tambayi Inna ko ba ta san tabkin ya ƙafe ba. Ta yi dariya, haƙori biyu. "Na sani mana. Wane tabki ke kai bazara a wanga zamani? Shekara biyu ina ce ma wanga mu tahi Giyayya, shina ce min tsuhwa ce ke damuna. Uwar da ta haihe shi bai yarda da ita ba, sai da ya ga shuɗi ga takarda. Da na ga takardarka ta tashe shi, sai na ja bakina na hau jaki." Nomau ya sunkuyar da kai, matarsa ta juya baya tana dariya. Inna ta ƙara, murya ƙasa, "Amma jiya ni ma na tsorata. Na ce ashe ni za ni kashe su, ba kai ba."

Na sauke musu jarkoki. Ta ce sai na sha na rijiya tukuna. Sanyi gare shi, da ɗanɗanon laka da ɗacin geza. Na sha ƙwarya guda na miƙa don ƙari, ta dafe guga. "A'a. Ba a yi mata haɗama. A ja da sahe, a bar ta ta huta har la'asar. Mutane su fara, sannan saniya mai shayarwa, sannan sauran." Na ga kuma yadda Nomau ke saro wa shanu ganye: reshe biyu a wannan itace, ya tsallake na kusa, ba ya taɓa kan itacen. Inna ta ce inuwar ce ke riƙe ruwan, ran da giyayya ta ƙare rijiya ta ƙare.

Agali ya daɗe tsaye a bakin rijiyar. "Nan na bi watan jiya," ya ce, "raƙumana na kuka don ƙishi. Bisa kanta na wuce."

Sai na ce, "Inna, kin yarda in sa ta ga bangon aji?"

Ta yi tunani. "In ka zana, kowa za shi zo."

"Haka ne."

"Su zo. Ubana bai hana kowa ba. Amma wanda ya san buɗewa shi san ruhewa. In ba za ka koya ma ɗiyan mutane ruhewa ba, bar ta inda ka gan ta."

A nan muka yini muka kwana. Matar Nomau ta gasa mana naman jar saniyar da ta shanya, na ci ina jin nauyinsa. Na ce Hajo ta biyo ni ta koma makaranta, Inna ta ce a'a, wannan ma karatu ne, sai an rufe rijiya da ita.

Asabar da Lahadi, komowa

Shida daidai muka juyo, sha ɗaya da rabi muna Tsamaye. Liman na zaure. Tun daga nesa ya karanci fuskata, ya ɗaga hannu sama. Da ya ji labarin dagi ya yi ta istigfari yana dariya, ya ce ashe shi ma ya yi wa tsohuwa mugun zato. A nan muka rabu da Agali. Na ciro abin da ke aljihuna, ya ture hannuna, ya ce rijiyar da ya gano ta fi kuɗin raƙumi.

Landirobar ta mayar da ni Sabon Birni da la'asar sakaliya, na kwana wurin wani abokin karatuna. Lahadi takwas da rabi na sake faɗawa hannun Tunau.

"Ina jarkoki?"

"Na baro su can."

"An iske su ke nan?"

"An iske su, da rai da lahiya."

Ya buga sitiyari, ya sanar wa duk motar kamar danginsa ne. Sha ɗaya da minti ashirin na yi sallama a gidana. Maiɗakina ta fito da ludayi a hannu, ta dube ni sau ɗaya, ta ce alhamdu lillahi, ta koma ta ɗora ruwan wanka.

Na gode wa Allah da ya rufa mini asiri. Na gode wa Agali, da Liman, da Tunau, da matan rijiyar Tsamaye da ban san sunan ko ɗaya ba.

Ran Litinin na shiga aji da wuƙa. Muka bi duk shuɗin da ke bango ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya koma gida ya tambayo: wannan ruwan yana kai bazara, ko na damina ne, ko sai an tona, kuma wa ke gyara shi. Wanda ke kai bazara a sarari muka bar masa bula, na ƙarƙashin yashi muka yi masa ɗigo-ɗigo. Na kankare Tabkin Giyayya tas, na zana ɗan dutsen niƙa a gefen gabas, na bar ƙarƙashinsa fari. Yara suka yi ta tambaya, na ce mai bayanin ba ta dawo ba.

Sai da aka yi ruwan shuka suka komo, mutum huɗu da shanu shida. Hajo ta rame, ta yi baƙi, tafin hannunta duk kanta. Na ba ta alli na ce ta fito gaban bango. Ta fara daga inda ta tsaya: "Inna ta ce in bazara ta yi, sai a je gindin giyayya ta gabas." Ta faɗi tono, ta faɗi saƙar geza, ta faɗi hutun rijiya. Tana kawowa kan jera ƙirya aka kaɗa ƙararrawa. Ta yi shiru, ta dube ni.

Na ce, "Ci gaba, Hajo. Muna ji."